Buhunan da Saje Ya Kawo Gida

Sau uku aka zuƙe wa Tela ruwa daga ƙirji, sau uku yana dawowa.

Na farkon ya cika kwalba da rabi, launinsa kamar shayin da bai ji ganye ba. Mijinta na tsaye a bakin labule, hannu a baya, yana kallon ruwan yana bin roba yana ɗiga. Saje ake ce masa. Bai taɓa shiga soja ba. Gadi ya yi, shekara talatin da huɗu, geti uku, amma yana da muryar da ke tsayar da mota tun daga nesa, sai sunan ya manne masa har bayan ya ajiye kulki. Shi kuma ya laƙaba wa matarsa Tela, saboda keken ɗinkin da ke gindin tagarta tun suna sababbin aure.

A asibitin unguwa aka fara. Likitan can matashi ne mai saurin rubutu. Ya ƙwanƙwasa mata baya da yatsa, ɓangaren dama ya amsa kamar an bugi bango. Ya jero tambayoyinsa ba tare da ya ɗago kai ba.

"Mama, kin taɓa aiki a masana'anta? Ko wani wuri mai ƙura?"

Tela ta buɗe baki.

"Ba ta taɓa aiki ba," in ji Saje. "Matar gida ce. Tun da na aure ta ba ta taɓa fita neman na kanta ba."

Da alfahari ya faɗa. Ta rufe bakinta, ta gyara mayafi.

"Kai fa, Baba?"

"Gadi."

Aka gwada ruwan, ba a ga komai ba. Aka gwada majina, ba a ga komai ba. Likitan ya ce irin wannan ruwa yawanci tarin fuka ne ko da gwaji bai kama shi ba, ya ɗora ta a kan maganin wata shida. Ya ce kafin maganin ya kama jiki, a nisanta ta da jariri.

Lokacin jikansu yana wata biyu.

'Ya ɗaya suka haifa. Auta suke ce mata, ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe, gidanta layi biyu ne daga nasu. Tun ranar da ta haihu yaron ke hannun Tela. Angona take ce masa, ta ce Saje ya tattara nasa ya nasa, an samu sabon jini. Mako biyu aka ce za a raba su. Amma mijin Auta a kantin magani yake aiki, kuma da ruwan ya dawo karo na biyu sai ya ce wannan irin tarin ne da ba ya jin magani, ɗansa ba zai shiga ɗakin nan ba sai an tabbatar. Ba wanda ya iya ce masa ba haka ba. Mako biyu ya zama wata bakwai.

Aka ɗaura wa kofinta jan zare. Aka ware mata cokali. Maganin ya mayar da fitsarinta ja, ya hana abinci zama a cikinta, zobenta ya fara zamewa daga yatsa har ta cire ta jefa a gwangwanin maɓallai. Duk ƙarshen mako Auta kan zo da yaron ta tsaya a tsakar gida, ta ɗaga shi daidai taga. Tela daga ciki ta manna tafinta a gilashi. Yaron ya buga gilashin da nasa, ya bar yawu, su tafi. Ba ta bari a goge wurin.

Ta ci gaba da ɗinka masa riguna. Sai dai ita ba ta taɓa auna yaro da tef ba, da hannu take yi, taƙi da yatsu. Yanzu ido kawai ya rage mata, ta cikin gilashi, kuma idon yana yi mata ƙarya. Rigar farko ta ƙi shiga kai. Ta biyu ta matse hammata. Guda tara ta ɗinka, ko ɗaya bai sa ba. Suna jere a kan keken, a ninke.

"In dai za su faɗa min ba a ɗauka," ta ce wa Saje wata safiya, tana numfashi tsakanin kalma da kalma, "ko me ne ne, na yarda."

"Daina irin wannan magana."

"To."

Da maganin ya ƙare ruwan ya dawo na uku, aka tura su babban asibiti.

Likitar ƙirji gajeriyar mace ce, tabarau rataye a wuya, murya a dushe kamar wadda ta yini tana bayani. Ta jera hotunan ƙirjin a jikin allo mai haske. Ɓangaren dama fari fat har kusan kafaɗa.

"An ce Tela ake ce miki, Mama?"

"Na gida ne kawai," in ji Saje. "Ɗinkin rage zaman banza."

Likitar ta dube shi ta saman hancinta, ta mayar da ido kan Tela.

"To za ki gane ni. Huhu kamar riga ce mai shafi. Tsakanin rigar da shafin ruwan nan yake taruwa. Sau uku an ɗebi ruwan an tambaye shi, ya ƙi magana. Yanzu shafin nake so in gani da idona. Za ki kwanta ta gefen hagu, mu kashe wurin da allura, mu ba ki abin da zai sa ki gyangyaɗi. In huda nan, tsakanin haƙarƙari biyu, in zura siririn bututu mai fitila da kyamara a baki. Mu kwashe ruwan, mu duba bango, in tsinko 'yan ƙananan yanki a kai ɗakin gwaji. Su ba sa ɓoye magana kamar ruwa."

"Farke ɗinki za ki yi ke nan."

"Kaɗan. Kamar ramin maɓalli."

"Wa zai mayar?"

"Ni."

"Ki yi shi ƙanana, 'yar nan. Ba na son ɗinki mai tsalle."

Likitar ta yi dariya, ta turo takardar amincewa. Saje ya miƙa hannu zai ɗauki biro. Ta janye takardar daga gabansa a hankali, ta ajiye a cinyar Tela.

"Ƙirjinta ne, Baba."

Ya mayar da hannunsa aljihu. Kunnuwansa suka yi zafi.

Ranar aikin ƙarfe tara aka tura ta a gado mai taya. Ƙafa ɗaya ta gadon tana kuka. Saje ya bi su har wata ƙofa mai murfi biyu, nan wata nas ta tare shi da tafin hannu.

"Baba, nan ne iyakarka."

Shekara talatin da huɗu yana faɗa wa mutane wannan maganar. Bai taɓa sanin haka take da ɗaci ba.

Ya zauna a benci mai sanyi da aka ɗaure da ƙusa a ƙasa. Fanka ɗaya ke juyawa cikin uku. Wata mai shara ta zo da bokiti ta ce ya ɗaga ƙafa, ya ɗaga, ta goge, warin maganin ya hau masa ka. Auta ta zauna kusa da shi da jakar kayan uwarta a cinya.

"Ina yaron?"

"Yana wurin babansa."

"Farfesan kanti."

"Baba, don Allah."

"Na ce wani abu? Mutumin da ke sayar da maganin ciwon kai ya fi likitoci sani, ai abin alfahari ne a dangi."

"Tsoro yake ji. Ni ma ina ji." Ta murza hannun jakar. "Ka san ya fara rarrafe? Jiya ya kai har bakin ƙofa. Na rasa yadda zan gaya mata."

Saje ya ƙura wa ƙofar ido. Duk wanda ya fito sai ya karanci fuskarsa, yadda ya saba karantar direbobi, amma mutanen nan fuskarsu a rufe take da ƙyalle.

Bayan awa ɗaya aka fito da ita. Roba mai kaurin yatsa ta fito daga gefenta ta gangara cikin wata kwalba a ƙasan gado, in ta yi tari ruwan kwalbar ya yi ƙwal-ƙwal. Idonta rabi a buɗe.

"Saje."

"Ga ni."

"Na ga cikina a talabijin." Ta haɗiye yawu. "Shafin ya lalace. Duk ƙulli. Ko ni ba zan karɓi gyaransa ba."

"Maganin barci ne ke sa ki surutu."

"Ta yi ɗinkin ƙanana?"

"Ta yi."

Bai gani ba. An rufe da filasta.

Da azahar likitar ta kira shi ofis shi kaɗai. Ta juyo masa fuskar kwamfuta. Da farko bai gane me yake kallo ba: wani kogo ja, mai sheƙi, kamar cikin baki. Ta nuna da biro. Ga wasu faci farare, masu kauri, kamar kyandir ya ɗiga ya daskare. Ga wasu ƙuraje cunkus a gefe, manya da ƙanana, wani kan wani.

"Sai sakamako ya fito nan da kwana goma zan faɗi sunansa. Amma fararen nan na san su. Ƙura ce ke barin su. Tana shiga ta kwanta shekara talatin, arba'in, ba ta motsi. Baba, a ina Mama ta shaƙi ƙura?"

"Na faɗa a can, na faɗa a nan. Matar gida ce."

"Ba aikin albashi nake tambaya ba. Ƙura nake tambaya. Akwai wani abu da ake kira asbesto. Kamar auduga yake, fari-fari ko toka-toka. Da shi ake haɗa kwanon rufi na siminti, da silin, da bututun ruwa. Kun taɓa zama kusa da inda ake yin su? An taɓa rushe rufi a kanku?"

Saje ya kawar da idonsa daga kwamfutar.

"Ban sani ba," ya ce.

"Ka yi tunani. In kuma ka ga wani abu a gida da kake zargi, kada ka kakkaɓe. Ka jiƙa shi da ruwa, ka ƙulle a leda."

Ya ce to. Ya fita. Bai koma ɗakin da take kwance ba. Ya gaya wa Auta zai je ya ɗauko bargo.

Getinsa na farko na wata masana'anta ne a bayan layin dogo, inda ake buga kwanon rufi mai ruwan toka. An rufe ta shekara ashirin da biyar ke nan. Shi bai taɓa shiga ɗakin injin ba, wurinsa bakin titi ne, cikin iska. Amma a gefen ɗakin gadinsa ake tara buhunan da aka zazzage garin haɗa kwanon daga ciki, buhunan algarara masu kauri, kafin a ƙone su. Wata rana ya tambayi mai kula da harabar, ya ce kwashi, ka rage mana aiki. Ya ɗaure hamsin a bayan keke ya kai gida. Ranar Tela ta yi murna kamar ya kawo mata zinariya.

Ita ke juya su, ta rataya a igiya, ta bubbuge da sanda, ta wanke, ta yanka, ta ɗinka jakunkunan cefane da rigunan katifa. Wata mata kan zo ta ƙofar baya ta kwashe. Da farko a tsakar gida take bugun. Sai maƙwabciya ta yi ƙorafi ƙurar na sauka a kan shanyarta, ta kuma ƙara da cewa ashe matar Saje ma ta shiga sana'ar buhu. Wannan ta biyun ce ta tsaya masa. Ya ce daga yau a ɗakin baya za a riƙa yi, a rufe ƙofa, a rufe taga. Shi da kansa ya toshe ƙasan ƙofar da tsumma.

In ya dawo aiki ta fito masa fari fat, gira fari, gashin ido fari. Ya ce, "Ga tsohuwata." Ta ce, "Ka ga yadda zan koma, tun wuri ka shirya." Su yi dariya. Shekara shida ana haka.

Ya buɗe ɗakinta. Rana ta shigo ta gilashin da yaron ya bar wa yawu. Ga keken a gindin taga, ga riguna tara a kai. Ya kwashe su ya ajiye a gado. Rigar da ke rufe keken ta yi laushi don tsufa, ta yi baƙi a inda hannu ke kamawa, an yi mata baki da shuɗin ƙyalle. Kullum yana ganinta, bai taɓa kallonta ba. Ya juya cikinta. Buhu ne. Rubutun ya koɗe, amma haruffa huɗu na farkon sunan da likitar ta faɗa suna nan.

Ya ɗebo ruwa a buta ya zuba mata a hankali har ta jiƙe sharkaf, ruwan na bin ƙafar keken. Ya naɗe ta ya sa a leda, ya sa ledar a wata ledar, ya ƙulle. Ya daɗe tsaye da ƙullin a hannu. Bai san inda ake kai irin wannan ba. A ƙarshe ya tura shi bayan tankin ruwa.

Ya manta bargon.

Bayan kwana uku aka cire mata robar aka sallame ta. Tana shiga ɗaki idonta ya sauka a kan keken, tsirara, da ɗan tsatsa sabo a ƙafa. Ta dube shi. Ya ce zai je ya sayo burodi. Ba ta tambaya ba, shi bai faɗa ba. Haka suka cinye kwanakin, tana kwance ta gefen hagu, yana zaune a bakin ƙofa a kujerar roba kamar mai gadin ɗakin. Sau biyu ya shirya maganar tun daga tsakar gida. Yana shiga sai ya tambaye ta ko ta sha magani.

Ranar sakamako Auta ba ta samu zuwa ba, yaron na zazzaɓin haƙori. Su biyu suka zauna gaban likitar. Ta sa tabaraunta, ta cire, ta ajiye takardar a kife.

"Mama, ba tarin fuka ba ne. Ciwon daji ne, na shafin huhun. Irin wanda ƙurar nan ke kawowa." Ta dakata. "Ranar da na shiga na fesa wata hoda da za ta manne rigar da shafin, don ruwa ya rasa wurin zama. Numfashi zai yi miki sauƙi. Akwai magungunan da ke rage masa gudu, akwai na ciwo, ba za mu bar ki ki wahala ba. Amma ba zan ce miki zai warke ba."

Fankar ofishin na kaɗa gefen takardar. Tela ce ta yi magana.

"Ana ɗauka?"

"A'a."

"Ko ta numfashi? Ko ta kofi?"

"Ko ta me. Bai taɓa zama abin ɗauka ba."

"Jariri fa? In na rungume shi?"

"Ki rungume shi har ya gaji."

Tela ta sauke ajiyar zuciya, gajeriya, iya wadda ƙirjin ya bari. "Alhamdu lillahi," ta ce. Saje ya juya ya kalle ta. Da gaske take.

"Likita," ya ce. Muryar da ke tsayar da mota ta fito kamar ta wani. "Akwai buhuna."

Ya faɗa duka. Getin, keken, hamsin-hamsin, ɗakin baya, tsumman ƙasan ƙofa. Bai rage komai ba. Likitar na rubutu, ba ta katse shi ba.

"Wa ke cikin ɗakin in ana bugun?"

"Ita kaɗai," ya ce da sauri. "Ni ina wurin aiki."

Ta rubuta. Ya goge tafinsa a gwiwa.

"Da na faɗa tun a asibitin farko fa?"

Likitar ta dube shi. Ya ga tana auna ko za ta sassauta, ya ga ta fasa.

"Ciwon ba zai canza ba, Baba. Ya riga ya zauna tun kafin ku je. Amma mai yiwuwa da an turo ku nan tun lokacin. Da ba ta sha maganin wata shida a banza ba."

Ba ta ambaci yaron ba. Ba sai ta ambata ba.

A layin karɓar magani suka samu benci. Mutane na wucewa da kati a hannu, wani na faɗa da mai taga a kan an tsallake shi. Saje na kallon takalminsa.

"Kin tuna da buhunan?"

"Tun ranar da matashin likitan nan ya ce ƙura."

"Me ya hana ki magana?"

"Ka riga ka amsa."

"Sai ki ce ba haka ba ne!"

"A gaban ɗan mutane? In ce mijina bai faɗi daidai ba?" Ta numfasa. "Shekara talatin da uku ban taɓa gyara maka magana a gaban kowa ba, Saje. Ranar zan fara? Kuma na ɗauka tambaya ce irin tasu, ta cika takarda. Wa ya san buhu na kisa?"

"Ni na rufe ƙofar."

"Kai ka rufe. Ni na buga." Ta miƙa masa katin. "Tashi, an kusa zuwa kanka. Ka kira Auta. Ka ce ta kawo min angona yau, ba gobe ba. In farfesa ya yi magana ka haɗa shi da likita."

Da la'asar suka zo. Saje ya ji takunsu a tsakar gida, ya ji Auta ta nufi taga don sabo, ta tsaya, sannan ta juyo ta ƙofa. Idonta a kumbure. Mijinta ya tsaya daga waje, ya gaida Saje a durƙushe, bai yarda sun haɗa ido ba. Saje ya amsa. Ba shi da bakin yi wa kowa gori.

Tela ta yi wanka ta sa kayan fita. Ta kwance jan zaren kofinta ta ajiye a kan keke. Tana zaune a bakin gado, matashi biyu a bayanta.

"Angona. Ka ga dama?"

Auta ta ɗora mata shi a cinyar hagu. Yaron ya dubi fuskar, ya dubi tagar, ya sake duban fuskar. Ya taɓe baki. Sai ya fasa kuka, yana banƙarewa, yana miƙa hannu wurin uwarsa.

"Ta gilashi ya san ni," in ji Tela. "Bar shi. Kuka ba ya hana awo."

Ba ta iya ɗaga shi ba. Ta riƙe shi da hannu ɗaya, ɗayan ya shiga aiki. Kafaɗa zuwa kafaɗa, taƙi da yatsu biyu. Wuya zuwa cinya. Zagayen ƙirji. Zagayen kai, wanda ya ƙi shiga rigar farko. Leɓenta na motsi. Yaron ya kama ɗan yatsanta ya kai baki ya gartsa da sabon haƙori, kukan ya tsaya.

"Kai! Daga zuwa sai cizo? Haka ake gaida amarya?"

Ta sunkuya ta sa hancinta a wuyansa, ta daɗe a haka. Da ta ɗago sai ta sake awon, amma wannan karon hannunta na wuce jikinsa. Ta ƙara yatsu uku a kafaɗa, ta ƙara taƙi a tsawo, tana auna iska. Ta sake ƙarawa.

"Mama, me kike yi?"

"Na shekara biyu. Da na uku. Gobe babanki zai sayo min yadi." Tari ya taso mata, ta kawar da kai don sabo, sannan ta tuna, ta bar shi ya fito a inda take.

Yaron ya zame daga cinyarta ya sauka ƙasa. Ya dafa siminti, ya ɗaga gindi, ya kama hanya wajen ƙafar keken, gwiwa na bin gwiwa. Auta ta bi shi tana kare masa kai. Tela na kallonsu. Fuskarta ta canza. Ta yafito Saje da yatsa, ya matso ya sunkuya.

"Ɗazu ma ka yi saurin amsa," ta ce, ƙasa-ƙasa.

"Wace?"

"Da ta ce wa ke ɗakin. Ba ni kaɗai ba ce." Idonta na kan bayan Auta. "Wa zan bar wa ita? Kana wurin aiki, ƙofa a rufe. A kan buhunan nan ta koyi rarrafe. In na gama sai in goge mata gira da bakin zane kafin ka dawo."

Saje bai miƙe ba. Ya kasa. Yana jin ƙarar tafin yaron a siminti, ɗaya bayan ɗaya.

"Ban faɗa a can ba don ina so in riƙe shi tukuna, ko na yini ɗaya, ba da wannan a ka ba. Na riƙe. Gobe ka kai ta wurin likitar. Ka tsaya a waje."

Auta ta ɗauko yaron ta saɓa a kafaɗa. Ta juyo, ta dubi uwar, ta dubi uban. Shekararta talatin da ɗaya, numfashinta lafiya lau, ɗigon gumi a hancinta.

"Me kuke ƙus-ƙus? Baba, me Mama ke cewa?"

Ya dubi Tela. Ta jingina da matashi, ta lumshe ido.

"Gaya mata," ta ce. "Kai ka iya amsa."

Saje ya jawo kujerar robar daga bakin ƙofa, ya ajiye a tsakiyar ɗaki.

"Miƙa yaron wurin babansa," ya ce. "Ki zo ki zauna."